Faifan Zinariya na Birnin Zangarma

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci maƙogwaro ya sa masa amo, ya halicci yatsa ya koya masa tsirkiya, ya halicci kunne ya sa masa kwaɗayin duka biyun. Ku matso kusa, jama'a, ku gyara zama. Ni ne Tunau ɗan Mijinyawa mai gurmi, kuma abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, da ƙafata na taka, da idona na gani.

Shekara ashirin na yi ina kiɗa a ƙasarmu ta Gwalalo. Na yi wa 'yan kokawa, na yi wa maharba, na yi wa manoma a wurin gayya. Mata na rera waƙoƙina a bakin turmi, amma ba a taɓa tsayar da ni gaban jama'a an kira sunana an ce ga naka ba. In an watse daga biki sai a miƙo mini damin gero da cinyar akuya, a ce Allah ya bar zumunci. Abin ya daɗe yana cin raina.

Ana nan sai wani falke ya sauka garinmu, ya ba mu labarin Birnin Zangarma, can bayan Fadamar Gishiri, tafiyar wata huɗu. Ya ce kowace shekara mutanen birnin sukan taru su zaɓi mawaƙin da ya fi kowa, a ɗora shi kan giwa a zaga gari da shi, sarki da hannunsa ya rataya masa Faifan Zinariya a ƙirji. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin tuwo ba.

Ina da abokin sana'a, Barmo mai kalangu, wanda ya girme ni da shekara goma. Da na faɗa masa niyyata sai ya dube ni ya ce, "Tunau, geron ne bai ishe ka ba?"

Na ce, "Yaya Barmo, ba ciki ke damuna ba. So nake a kira sunana sau ɗaya kafin in mutu."

Ya ja tsirkiyar kalangunsa ya sake. Can ya ce, "To, gurmi ba kalangu ai rabin magana ne. Mu je."

Muka bi wani ayarin fatake. Muka ratsa dajin da 'ya'yan itatuwansa ke ƙara kamar ƙararrawa in iska ta kaɗa, muka haye kogin da ruwansa ke da zafi a wannan gaɓa, sanyi ƙarara a waccan. A wata na uku muka shiga Fadamar Gishiri, fili fari fat, ba itace ba tsuntsu, sai hasken da ke soya ido.

Kwana shida muna tafiya a cikinta. Ran na bakwai da hantsi muka hango wasu abubuwa baƙaƙe sun taso daga gabas da gudu. Kafin madugu ya gama cewa a durƙusar da raƙuma, sun iso. 'Yan fashi ne bisa jiminu, kowace jimina ta fi raƙumi tsawo, an ɗaura mata ƙarfe mai kaifi a kowace ƙafa. Wadda ke gaba ta yi tsalle ta shuri madugu, ta farke shi daga ƙirji zuwa mara, hanjinsa ya zubo kan gishiri yana tururi. Mashi ya shiga ta bakin wani falke ya fita ta ƙeya. Wanda ya ruga aka bi shi aka tattake, wanda ya tsaya aka sare. Ba a yi daƙiƙa nawa ba farin filin nan ya koma ja.

Ni da Barmo muka kwanta a bayan wani mataccen raƙumi, amma aka jawo mu ta ƙafa, aka kai mu gaban shugabansu. Wani dogon mutum ne mai furfura, hannunsa na dama dungu ne, mutanensa na kiransa Guntu. Ya ga gurmi a kafaɗata, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Makaɗa ne ku? Zangarma za ku?"

Na ce, "Can muka nufa, maigida."

Ya ɗaga dungun ya kawo shi dab da hancina. "Shekara uku Faifan Zinariya yana ƙirjina. Molo nake kaɗawa, in na taɓa shi kasuwa takan tsaya. Ranar da wata ta kayar da ni, a gaban mutanen da suka yi mini guɗa aka sare wannan. Al'adarsu ke nan: birni ɗaya, amo ɗaya. Mai kiɗa hannunsa, mai waƙa harshensa. Tun daga lokacin na yi rantsuwa ba makaɗin da zai wuce ta nan da hannu biyu. Ni zan hutar da ku doguwar tafiya." Ya juya ya ce a kawo gatari.

Barmo ya raɗa mini, "Ka roƙe shi mu yi kiɗan ƙarshe. Ɗazu da kalangu ya bugi ƙuguna na ga tsuntsayen nan suna gyaɗa kai."

Na durƙusa na ce, "Maigida, kai ma ka san zafin abin. Ka bar yatsun nan su yi sallama da tsirkiya."

Guntu ya daɗe yana kallon gurmin. Ya ce, "Yi."

Na fara a hankali, Barmo ya shigo a ƙarƙashina. 'Yan fashi suka kewaye mu riƙe da linzamin jiminunsu. Tsuntsaye suka miƙe wuya, suka fara taka ƙafa. Barmo ya matse kalangu a hammata ya ƙara wuta, ya ƙara, ya ƙara, har ban iya bin sa. Sai jiminu suka buɗe fukafukai suka shiga juyi kamar an saka musu aljanu, ƙarafan ƙafafunsu na yankan duk abin da ke kusa. Na ga an tsinke ƙafar mutum daga gwiwa, na ga kan wani ya dare biyu. Guntu na ihu a kama su, wata ta banke shi ya faɗi ƙarƙashin ƙafafu. Muka cafki wuyan wata da ta rabu da mai ita, muka ɗare mu biyu, ta zabura da mu yamma. Ba ta tsaya ba sai da la'asar, a bakin ciyawa, inda ta faɗi matacciya.

Barmo ya zauna yana haki ya ce, "Ka ji da kunnenka. Mu nemi wata hanya mu koma gida."

Na ce, "Maganar ɗan fashi za ka ɗauka? Sata ya yi aka yanke masa hannu, ya ƙaga labari."

Ya ce, "Ka ga yadda ya kalli gurminka? Ɓarawo ba ya kallon tsirkiya haka."

Na san gaskiya ya faɗa, amma na tashi na kama hanya. Da na waiwaya sai na gan shi biye da ni.

Bayan kwana ashirin muka isa Zangarma, saura kwana biyu gasa. Birni ne na jan dutse, ganuwarsa ta kai tsawon giginya uku. A ƙofa sanƙiran sarki, mai yi masa shela, ya tambayi sunana, ya ɗaura mini jan zare a wuyan hannu, ya ce wanda aka ɗaura wa wannan ba ya fita sai an gama. Ya kai mu wani babban zaure da ake sauke mawaƙa. A jikin bangon an jera tuluna na gilashi cike da zuma, kowanne da suna a ƙasansa. Na matsa in duba. Hannuwa ne a ciki, da harsuna.

Wata murya ta ce daga bayana, "Na goma sha tara daga dama, ni na sare shi."

Na juya na ga wata dattijuwa gajera, da faifan zinariya mai faɗin tire a ƙirjinta. Ita ce zabiya Ladingo, mai riƙe da girman shekara bakwai. Na gaishe ta, na ba ta labarin Guntu.

Ta ce, "Ashe yana raye. Hannunsa ne wancan da na nuna maka. Sabon gwani shi ke yanka tsohon da hannunsa, ɗan nan, in ya ƙi a yanka su duka biyu. Na ɗaga gatari ina kuka, amma na sauke shi. Me ya rabo ka da garinku?"

Na ce, "Inna, so nake a kira sunana."

Ta ce, "Za a kira."

Ta bayyana mini yadda garin yake. Mahauta nata ne, su suka tsare mata faifan shekara bakwai da wuƙaƙensu. Maƙera kuwa bana sun tsayar da nasu, wani saurayi mai goge da ake kira Ƙosau, ɗan Sarkin Maƙera na cikinsa. Sauran mawaƙa duk sun janye tun kafin a ɗaura musu zare. Ni kaɗai ne baƙon da bai sani ba.

Ranar gasa da safe aka kai mu wani fili mai kama da ƙwarya, mutane sun cika shi har baki. An kafa ginshiƙai uku, kowanne da dandamali a samansa. Kowane ɗan gari yana riƙe da dutse guda. In an gama waƙa zai ajiye shi gindin ginshiƙin wanda ya zaɓa, wanda tsibinsa ya fi tsawo shi ya ci. Sarki Dagazau na zaune a rumfa yana cin dabino.

Ƙosau ya fara, ya goga gogen nan har ya yi kamar mace na kuka. Ni da Barmo muka yi namu, na zuba duk abin da na tara a shekara ashirin, aka saurara, wasu tsofaffi suka gyaɗa kai. Sannan Ladingo ta buɗe baki. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin irin wannan murya ba, kuma ban ƙara ji ba. Na sami kaina ina hawaye a kan ginshiƙina. Barmo ya ce, "Alhamdu lillahi, mun faɗi."

Aka busa ƙaho a fara ajiye duwatsu. Tsibin Ladingo ya fara tashi, sai maƙera suka tare hanyar da guduma. Wani mahauci ya ture ɗaya, aka fasa masa kai nan take. Shi ke nan, duwatsun zaɓe suka koma makamai. Mahauta suka zare wuƙaƙe da barandami, maƙera suka fito da jajayen ƙarafa daga tukwanen garwashi da suka ɓoye cikin taro. Na ji ƙaurin naman mutum. Na ga mace da goyo an tattake ta. Na ga tsoho yana rarrafe da dutsensa a hannu, yana son ya kai shi gindin ginshiƙi, aka dira masa guduma a gadon baya. Sarki bai daina cin dabino ba, dogarai kuma ba su motsa ba.

Wasu mahauta uku suka hau ginshiƙin Ƙosau. Yaron ya kare fuska da gogensa yana kiran babansa. Suka kwantar da shi suka yanka kamar rago, jini ya gangaro ta jikin ginshiƙin har ƙasa.

Filin ya yi tsit. Sarkin Maƙera ya zo ya tsaya gindin ginshiƙin, jinin ɗansa na ɗiga a rawaninsa. Bai yi kuka ba. Ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya tako har gabana ya ajiye, ya ɗaga murya ya ce, "Sun kashe mini ɗa don harshen tsohuwa. To, gobe su ga harshen a cikin zuma." Maƙera duka suka bi shi. Suka kwashe tsibin Ƙosau suka juye a nawa, suka tono duwatsun daɓe suka ƙara. Kafin azahar tsibina ya kai ƙafafuna.

Washegari aka yi mini wanka da ruwan turare, aka sa mini riga mai aiki, aka ɗora ni kan giwa, Barmo a bayana. Aka zaga da ni unguwa-unguwa. Sanƙira na gaba yana cewa, "Tunau ɗan Mijinyawa, amon Zangarma!" Dubban bakuna na amsawa, mata na guɗa, ana watsa mini furanni daga kan soraye. Na san ba don waƙata ba ne, na san gawawwaki na kwance a gidaje ba a binne ba, amma wallahi sai da na ji daɗi. Wannan ita ce kunyar da har yau ban wanke ba.

Muka dawo filin. Mahauta sun tsaya a hagu, maƙera a dama, dogarai sun yi layi a tsakani. Giwa ta durƙusa na sauka. Sarki Dagazau ya cire faifan daga wuyan Ladingo ya rataya mini, nauyinsa ya ja kaina ƙasa. Aka durƙusar da ita a gabana, aka ajiye tulun zuma a gefe, sanƙira ya miƙo mini awartaki da wata 'yar wuƙa.

Ta ɗago ta ce a hankali, "Ka yi da sauri, ɗan nan. Kada hannunka ya yi rawa, ya fi zafi."

Na dubi Barmo. Ya ɗan taɓa kalangunsa da yatsa. Na faɗi gaban sarki na ce, "Allah ya ja zamaninka, a garinmu ba a karɓar kyauta sai an yi waƙar godiya. A ba ni izini."

Ya ce, "Amon birni ba ya neman izinin waƙa. Yi."

Na soke wuƙar a ɗamara, na ɗauki gurmi. Na yabi sarki baiti biyu, sannan na juya dama na ta da murya:

"Sarkin Maƙera, uban Ƙosau,
wuƙar da ta yanka ɗanka, a maƙerarka aka wasa ta.
Ga masu yankan can a tsaye, jinin bai bushe a farcensu ba,
kai kuwa an biya ka da guntun naman tsohuwa."

Na juya hagu:

"Sarkin Fawa, mai barandami,
shekara bakwai tana kiran sunan ubanka a fili.
Yau ga ta a durƙushe, ga ka a tsaye,
mata na tambaya ko wuƙarka ta akuya ce kawai."

Barmo ya ɗauki maganar ya sa a bakin kalangu, yana maimaita ta, yana zuga kowane ɓangare da takensa. Na ga jijiyar wuyan Sarkin Maƙera ta tashi. Sarki ya gane, ya miƙe yana cewa a kama ni, amma ya makara. Ɓangarorin biyu suka rufta kan dogarai a lokaci guda, suka niƙe su a tsakiya, suka haɗu. Faɗan jiya wasa ne. Guduma ta sami sanƙira a fuska. Rumfar sarki ta kama wuta. Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera suka rungumi juna suka faɗi, kowanne da ƙarfen ɗan'uwansa a ciki.

Na fizgi Ladingo na cilla ta kan giwa, na hau, na miƙa wa Barmo hannu. Wani dogari ya riƙe ƙafata, na zare 'yar wuƙar nan na luma masa a ido. Wani jan ƙarfe da aka jefo ya sauka a kunnen giwa, ta yi wata irin ƙara ta miƙe ta zabura. Ta bi ta kan mutane, ina jin ƙasusuwa na ƙarar karyewa a ƙarƙashinmu. Ta bi babbar hanya, ta tarar ana tura ƙyauren birni, ta sa goshi ta ɓalle shi. Masu tsaron ganuwa suka yi mana ruwan kibau. Barmo na bayana ya rungume ni, na ji ya yi nishi sau biyu, ya ce, "Kada ka waiwaya."

Giwa ta yi ta gudu har rana ta karkata, sannan ta tsaya sha a wani rafi. Muka zamo, ta yi gaba abinta. Sai a lokacin na ga kibau biyu a bayan Barmo, ɗaya ta shige har gashinta. Muka kwantar da shi a inuwar wata tsamiya. Ladingo ta duba, ta dube ni, ta girgiza kai.

Na ce, "Yaya Barmo, ka yafe mini. Ni na jawo ka."

Ya ce, "Da ƙafata na zo." Ya miƙa hannu ya shafa faifan da ke ƙirjina, ya bar masa shatin jini. "Ashe haka yake. Na zaci ya fi haka girma." Ya juya wajen Ladingo ya ce, "Inna, harshen yana nan?"

Ta ce, "Yana nan, ɗana."

"To, a ɗan taɓa mini."

Ta ɗora kansa a cinyarta ta yi masa waƙa, ƙasa-ƙasa, ba ta yabon kowa ba, irin wadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Yatsunsa na bugun ƙasa suna bin ta. Ta kai tsakiya suka tsaya. Ta ƙarasa waƙar duk da haka.

Ba mu da fartanya, ba mu da gatari, 'yar wuƙar ma na bar ta a idon dogari. Ƙasar wurin kuwa tauri gare ta. Na gwada da itace ya karye, na gwada da farce har suka yi jini. Sai na cire faifan daga wuyana na durƙusa na fara haƙa da shi. Zinariya ba ta da ƙarfi, bakinsa ya lanƙwashe, na juya ɗaya gefen, shi ma ya lanƙwashe. Na take shi da dutse na ci gaba. Ladingo na kwashe ƙasa da hannu. Kafin ramin ya kai ƙugu, faifan ya zama wani dunƙulallen abu da ba mai gane shi. Muka yi wa Barmo wanka a rafin, muka naɗe shi da rigar da aka yi mini ado da ita, na yi masa salla, muka rufe.

Ladingo ta ɗauki abin da ya rage na faifan ta juya shi a hannu. Ta ce, "Shekara bakwai ina ɗauke da shi, sai yau na ga ya yi aiki." Ta ajiye shi a kan kabarin wajen kai, ta ɗora dutse a sama don kada kura ta tona.

A mararraba muka rabu, ita ta yi kudu wajen danginta, ni na rataya gurmi a kafaɗa ɗaya, kalangu a ɗaya, na yi arewa don in kauce wa Fadamar Gishiri. Shekara biyu na yi kafin in ga ganuwar Gwalalo.

Nan hikayata ta tsaya. Wanda ya ji ya yi wa Barmo addu'a, Allah ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, mu kuma ya sa mu tashi daga wannan zama lafiya.